Zinariya ce ko ruwan zinariya?

 

Kai da ka sayar da bijimi don sayen sarƙar amarya, da kai mai saro 'yan kunne daga Kano zuwa Garwa, me ka riƙe a hannunka? Sau da yawa tagulla ce aka yi wa ruwan zinariya. Wannan ruwan fata ce siririya, ana auna ta da maikuron, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Kaurin silin gashi kusan maikuron 70 ne, amma fatar wata sarƙar ba ta kai maikuron ɗaya ba. Shi ya sa bayan 'yan watanni gumi ke cinye ta, wuya ya yi kore.

To, yaya za a gane? Maganaɗisu bai isa ba, don tagulla ma ba ta kama shi. Hatimi kuwa, 750 na nufin karat 18, 875 karat 21, 916 karat 22, amma ai maƙeri na iya buga kowace lamba.

A nan ɗakunan gwaji na jami'o'i ke da amfani. A Zariya, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da na'urar XRF. Takan haska abu da hasken eksire, kowane ƙarfe ya mayar da irin nasa hasken, sai ta faɗi yawan zinariya, azurfa da jan ƙarfe, ba tare da an narka kayan ba.

Amma ku ji wannan da kyau: hasken ba ya shiga can ciki. Idan fatar ta yi kauri, na'urar ma za ta iya cewa zinariya ce zalla. Saboda haka ka ce a goge wani ɓoyayyen wuri da zarto, a auna sama, a auna ciki. In sakamakon biyu ya saɓa, ka san shafe ne.

Sarƙa ɗaya ba ta kai a yi mata tafiya ba. Amma ku masu sari, ku haɗa kuɗi a ƙungiyarku, ku aika samfur kafin ku biya dila, ku kuma karɓi sakamakon a rubuce.

Allah ya ba da kasuwa, ya tsare garke. Sai mako mai zuwa.