Wa Zai Tarye Shi a Ƙofar Kurkuku?

Cikin murnar wannan biki muna so mu tuna da wani wanda a kan manta da shi, watau mutumin da ya gama kwanakinsa a kurkuku. Shari'a ta sallame shi, amma jama'a ba su sallame shi ba tukuna. Mai gida ya hana shi ɗaki, mai sana'a ya hana shi aiki, har danginsa su kan ji kunyarsa. To, ina zai kwana? Ƙofar da ta ke buɗe ita ce ta abokan banza na dā. Shi ya sa da yawa su kan koma inda suka fito.

A shekara ta 1883, a birnin Melbourne na ƙasar Ostiraliya, Manjo James Barker na Rundunar Ceto ya lura da wannan. Ya kama hayar wani ƙaramin gida a unguwar Carlton. Mutanensa su kan je su tsaya a ƙofar kurkuku, in an saki mutum su gayyace shi gidan. Can zai sami wurin kwana da abinci, a taimake shi neman aiki. A 1896 kuma Maud Booth ta buɗe irinsa a New York ta Amurka, aka sa masa suna Gidan Bege. A 1959 aka buɗe wani a St. Louis, aka kira shi da sunan Dismas, sunan da mutanen dā suka ba ɓarawon nan da ya tuba a kan gicciye.

Ku duba, ba da kuɗi masu yawa suka fara ba. Abu uku ne: ɗaki, da aikin hannu, da amintaccen mutum wanda zai tsaya masa a gaban mai ba da aiki. Gidan kuwa yana da doka, gama wanda ya daɗe a tsare yana bukatar ya koyi riƙon kansa kaɗan kaɗan.

Ba mu ce kowa zai gyaru ba. Waɗansu za su sāke faɗuwa. Amma in ba wanda ya karɓe su, mun taimaka wajen faɗuwarsu ke nan. Bulus ma ya roƙi Filimon ya karɓi Unisimus kamar ɗan'uwa.

Saboda haka bari kowace ikilisiya ta tambayi kanta: akwai ɗaki ɗaya a cikinmu? Akwai kafinta, ko tela, ko manomi wanda zai ɗauki mutum ɗaya? Allah ya ba mu zuciyar yin haka. Amin.