A Hukunta Ɓarawo, Amma a Tabbata Shi Ne

Wannan jawabi ne da wani malamin ajin yaƙi da jahilci ya yi wa manoma da makiyaya a Kwanar Dangora.

 

Yau zancenmu a kan ɓarayin shanu ne da masu satar mutane. Kowa a nan ya san Dajin Falgore. A shekarun 2015 da 2016 miyagu sun mai da dajin nan gidansu. Sun kore shanun mutanen Doguwa da Tudun Wada, sun tare hanyar Jos, sun kama mutane sai an biya kuɗin fansa. Abin ya kai har sojoji suka shiga dajin a 2017.

Shi ya sa ko'ina ka zauna, a kasuwa ko a dandali, magana ɗaya ce: a kashe su kawai. Ban ga laifin mai faɗar haka ba. Mutumin da aka kore masa shanun noma ana gab da damina, ko ya sayar da gona ya fanso ɗansa, wa zai hana shi fushi?

To, amma mu tuna abu biyu.

Na farko, tsananin hukunci kaɗai ba ya kawar da sata. Tun 1970 gwamnatin soja ta kafa dokar harbe 'yan fashi. An harbe su a bainar jama'a, amma fashi bai ƙare ba. Abin da ɓarawo ya fi tsoro shi ne a gane shi, a kama shi, a kuma sami mai ba da shaida.

Na biyu, hukunci aikin kotu ne. Kun tuna yarinyar nan Hanifa, 'yar shekara 5, da aka sace aka kashe a Kano? An yi bincike, shaidu suka yi magana. A watan Yuli na 2022 babbar kotu ta yanke wa mutum 2 hukuncin rataya. Wannan ita ce hanya.

Ga kuma abin da ɗaukar doka a hannu ke jawowa. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, 'yan sintiri suka tare wata mota. Mafarauta ne a ciki, suna dawowa gida Kano yin Sallah. Aka ga bindigoginsu na farauta, aka ce masu satar mutane ne. Nan take aka kashe mutum 16. Da yawansu 'yan Bunkure ne, nan kusa da mu. Babu alƙali, babu shaida. Idan mun ji zafin wannan, kada mu yi wa wani baƙo irinsa.

Saboda haka ga roƙona. Wanda ya ga baƙuwar fuska ko baƙin shanu, ya gaya wa mai unguwa ko dagaci. 'Yan sintiri in kun kama mutum, ku miƙa shi ga 'yan sanda da ransa da lafiyarsa. Kada a ce kowane Bafillace ɓarawo ne, domin su ma shanunsu ake korewa. Kada a sayi saniyar da ba a san asalinta ba. A lura da masu kai wa miyagu abinci, mai da labari, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In an kira ka kotu, ka je ka faɗi abin da ka gani.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka. Amin.