Harshenmu Shi Ne Garkuwarmu



Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama inda ya ga dama. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini. Wannan haƙƙinmu ne. To amma ranar da rigima ta tashi a kasuwa, harshe ne ke kashe wutar ko ya hura ta.

Mu tuna rikicin kasuwar Sasa a Ibadan, watan Fabrairu 2021. Da cacar baki ya fara, ya ƙare da asarar rayuka da ƙone shaguna.

Saboda haka muna roƙon jama'a: mu gaida maƙwabci da harshensa. Mu bari ya gama magana kafin mu amsa. Laifin mutum ɗaya kada mu ɗora wa ƙabilarsa, don mu ma ba ma so a yi mana. Saƙon murya na WhatsApp kada mu tura sai mun tabbatar. In abu ya fi ƙarfinmu, mu kai wa Sarkin Hausawa, ya zauna da sarakunan gari.

Magana zarar bunu ce. Allah ya zaunar da mu lafiya.