Hoton Shehu Da Amanar Da Ke Wuyanmu



Akwai hoton wani dattijo mai rawani da ke yawo a kalandu da wayoyin hannu, an rubuta sunan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a ƙarƙashinsa. Ɗalibanmu suna tambayarmu ko shi ne, don haka wajibi ne bakinmu ya zo ɗaya kan amsar da za mu ba su.

Wasu al'ummu sun adana kamannin magabatansu. A Amurka, Charles Willson Peale ya zana George Washington da fentin mai a 1772, sanye da kayan soja, shekara 17 kafin ya zama shugaban ƙasa. Fuskarsa da ke kan takardar dala ɗaya kuwa daga zanen Gilbert Stuart na 1796 aka ɗauko ta. Dukansu biyu sun zauna da mutumin, sun gan shi da idanunsu.

Al'amarin Shehu dabam ne. An haife shi a Maratta a 1754, ya rasu a nan Sakkwato a 1817, tun ba a ƙirƙiro na'urar ɗaukar hoto ba, zanen fuskar malamai kuma ba ya cikin al'adar jama'arsa. Ko Bature Clapperton da ya iso a 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tarar. Saboda haka hoton da aka jingina wa Shehu, ko dai zaton mai zane ne, ko kuwa wani bawan Allah ne aka liƙa wa sunansa.

Idan muka yi shiru, yaro zai girma da kuskuren, yana kafa hujja da cewa a aji ya gani. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu koya musu tambayoyi uku kan kowane hoto: wa ya yi shi, yaushe, kuma ya ga mai fuskar? Mu ɗaga musu takardar naira 200 mai ɗauke da Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya rayu a zamanin kyamara, su gwada tambayoyin a kanta.

Sannan mu nuna musu inda Shehu ya bar kamanninsa na gaskiya: Ihya'us Sunna, da Nurul Albabi inda ya tsawata wa malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Muna roƙon shugabannin makarantu su shirya kai 'yan aji shida Hubbare da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, su ga rubutun magabata da idanunsu.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana. Wassalamu alaikum.