Jawabin Ƙaddamar da Asibitin Tafi-da-Gidanka na Mata Masu Saƙa a Yankin Atitlan



Yau muke ƙaddamar da motar asibiti da za ta riƙa zagaya ƙauyukan da ke kewaye da tafkin Atitlan, a nan Guatemala. Kowa a nan ya san yadda ake saƙa rigar huipil. Mace za ta durƙusa, ta ɗaure zare a jikin ginshiƙi, ɗaya gefen a ƙugunta, ta shafe makonni ko watanni kafin riga ɗaya ta kammala. Baƙi su yaba ado, su saya, su tafi. Ciwon baya da na gwiwa, da idon da ya dusashe, da tarin hayaƙin murhu, ita kaɗai ake bar wa. In ta ce sai babban asibitin Solola, ga kuɗin kwalekwale, ga na mota, ga saƙar yini guda ta salwanta.

Abin da ya fi nisa ciwo shi ne harshe. Ƙidayar 2018 ta nuna cewa fiye da kashi 40 cikin ɗari na mutanen Guatemala 'yan Maya ne, masu harsuna 22. Tun 2003 doka ta ce a kula da jama'a a asibiti da harshensu. Amma har yau sai uwa mai jin Tz'utujil ko Kaqchikel ta zauna gaban likita ana yi mata Sifaniyanci, tana gyaɗa kai, ta dawo gida da ƙwayoyin da ba ta san yadda ake sha ba. Wata ma ɗanta ƙarami ne tafintanta, to ta yaya za ta faɗi ciwon mara a gabansa? Haka kansar bakin mahaifa ke cinye mata, alhali gwajinta na 'yan mintoci ne.

Saboda haka ma'aikatan wannan mota 'ya'yanku ne, da harshenku za su gaishe ku. Za su auna hawan jini da ciwon sukari, su yi awon ciki, su duba ido, su yi gwajin mahaifa a bayan labule.

Ungozomai, ku kuka karɓi haihuwar yawancinmu, ku mata ke gaya wa abin da ba sa gaya wa kowa. Muna roƙon ku shige mana gaba. Ina gayyatar babbar cikinku ta taso ta buɗe ƙofar wannan mota.