Daga Akwatin Masu Saurare: Me Ya Sa Farin Rago Ke Fitowa Toka-Toka A Hoto?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar dabbobi da ke zaune a Ƙofar Taramniya cikin birnin Sakkwato. Bayan gaisuwa, ga abin da yake cewa:

"Ni sana'ata saye da sayar da raguna a kasuwar Kara. In Babbar Salla ta matso, yarona kan ɗauki hotonsu mu aika ma masu saye a Legas ta WhatsApp. To akwai wani balami hwari tas da munka ɗauka da rana tsaka, amma a hoto sai ya hito toka-toka kamar ya yi birgima cikin murhu. Mai saye ya ce ragon bai da lahiya, ya rage min kuɗi. Rannan kuma an ɗauke ni ƙarƙashin rumhwa, huskata ta hito baƙi ƙirin. Don Allah mi ak kawo wanga abu? Ko kyamarar ce ta lalace?"

To Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Kyamararka lafiyarta lau, kada ka ɓata kuɗinka wurin mai gyara.

Ka san kowace kyamara, har da ta wayar hannu, tana da ma'aunin haske a cikinta. Shi ke yanke shawarar yawan hasken da za a bari ya shiga. To shi wannan ma'auni bai san fari ba, bai san baƙi ba. An gina shi ne a kan cewa duk abin da aka nuna masa, in an haɗa farinsa da baƙinsa aka dama, launin toka zai bayar, wato irin launin da ke mayar da wajen kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. Saboda haka da ya ga ragonka fari fat cikin rana, sai ya ce haske ya yi yawa, ya rage, rago ya koma toka. Da baƙin sa ka nuna masa, da ƙara haske zai yi, shi ma ya koma toka-toka. Fuskarka kuwa, hasken ranar da ke bayan rumfa ne ya ruɗe shi, ya auna rana ya bar ka cikin duhu.

Maganin abin shi ne a gaya wa kyamara inda za ta auna. Hanyoyin awon nan iri uku ne.

Na farko, awon fili duka. Kyamara kan rarraba hoton gida-gida, ta auna kowane, sannan ta tsai da shawara. Kamfanin Nikon na ƙasar Japan ne ya fara fito da wannan dabara a kyamararsa mai suna FA a shekarar 1983. A Nikon za ka ga an rubuta Matrix, a Canon kuwa Evaluative. Wannan ya dace da garke guda, ko tsibin albasa, ko gonar gero, muddin rana tana bayan mai ɗauka. Ko ragon uda, mai gaba baƙi baya fari, yakan fito daidai da wannan awo, don farin da baƙin sun raba.

Na biyu, awon tsakiya. Nan kyamara ta fi ba abin da ke tsakiyar hoto ƙarfi, gefe-gefe kuwa ta ɗan leƙa kawai. Shi ne na ɗaukar mutum ɗaya ko dabba ɗaya da ta cika tsakiya.

Na uku, awon ɗigo, wanda ake rubuta Spot, alamarsa akwati da ɗigo guda a ciki. Wannan ɗan wuri ƙanƙane yake aunawa, kamar kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari na hoton. Shi ne maganin matsalar rumfa: yaronka ya ɗora ɗigon a kan fuskarka, ya bar rana ta yi abin da ta ga dama a baya.

Amma fa Alhaji, a nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. In ka ɗora ɗigo a kan farin rago, toka zai sake ba ka, don ma'aunin bai canza hali ba. Sai ka nemi maɓalli mai alamar ƙari da ragi, +/-. Ga farin rago ko farar babbar riga, ka kai shi +1, in bai isa ba ka matsa zuwa +2. Kowane mataki guda ninka hasken yake yi. Ga baƙin sa kuwa, ka mayar da shi -1. Ka duba hoton nan take, ka tsaya daidai inda gashin ragon ya yi fari amma ana ganin kwanciyarsa. In ka gama ka mayar da shi sifili, in ba haka ba hoton gaba zai ƙone. Lokacin hunturu ma, in hazo ya rufe gari, ɗan ƙari yana taimakawa.

Masu amfani da waya kuma, ku taɓa jikin ragon a fuskar wayar da yatsa. A yawancin wayoyi wata 'yar alamar rana za ta fito, ku ja ta don ƙari ko ragi.

Shawara ta ƙarshe, a daina ɗauka da rana tsaka. A fito da rago da hantsi ko bayan la'asar, mai ɗauka ya ba rana baya. Kuma a tsaya a kan kamannin da dabba take da shi, don mai saye in ya ga rago ido da ido ya sha bamban da hoto, ba zai sake kiranka ba.

Da fatan Alhaji ka gamsu, a gaishe mana da jama'ar Kara. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.