Yaro Ya Gama Aji Tara, Sai Ina?



Zamanin En'e, da harajinmu da jangali aka gina makarantun Midil, amma 'ya'yan sarakuna ne gaba. A 1976 aka kawo ƙananan hukumomi. Dokar 2004 ta ce karatun shekara 9 kyauta ne, kuma tilas. To, yaro ya gama yana ɗan shekara 15, sai ina? Sai dako a tasha!

Alhali tsarin mulkin 1999 ya sa wa ƙaramar hukuma hannu cikin koyar da sana'a. Kuɗin rumfa kuwa ba su taɓa mantawa da shi ba. Ran kasuwa mu tafi wurin kansila gaba ɗayanmu, ya faɗa mana samari nawa suka shirya koya wa sana'a bana.